Lahadi a Ruislip, wajen ƙwallon 'yan Ayalan

Yau ba ni da aiki, niyyata in yi barci har azahar, amma ƙawar nan tawa ta asibiti, 'yar gundumar Mayo ta ƙasar Ayalan, tun jiya da dare ta hana ni sakat, wai lallai sai na zo na ga wasansu. Ita ma nas ce, sashenmu ɗaya, ko shekara ba ta cika a Landan ba amma wallahi ta fi ni sanin mutane nesa ba kusa ba, ni da na riga ta zuwa garin. Abun ya daɗe yana ɗaure min kai, yarinya ta sauka da akwati ɗaya, kafin ka ce kwabo ta samu ɗaki, ta samu mai ba ta aron keke, ranar da mura ta kwantar da ita har miya aka kai mata gida. Na ce toh bari in je in gane wa idona.

Na hau jirgin ƙasa layin Central har South Ruislip, tafiya ce mai ɗan nisa, ga iska mai shiga ƙashi. Filin sunansa McGovern Park, shi ne babban filin ƙungiyar GAA a Landan, ƙungiyar da ke kula da wasannin gargajiyar Ayalan tun 1884. Ni na ɗauka ƙwallon ƙafa ce irin wadda muka sani, ashe ba haka ba ne. Mutum 15 ne kowane ɓangare, ana kama ƙwallon da hannu a ruga da ita, bayan taku huɗu dole a buga ta a ƙasa ko a ɗan taɓa ta da ƙafa ta dawo hannu. Ragar kuma tana da dogayen sanduna biyu a sama, in ƙwallo ta bi ta tsakaninsu maki 1, in ta shiga raga maki 3. Allon ya nuna 2-11 na ce wa wata ta kusa da ni ai an yi wa su ƙawata kaca-kaca, ta fashe da dariya ta ce duka wannan makin nasu ne, sun ci raga sau 2 ga maki 11, jimla 17 kenan. Ba a biyan kowa ko sisi, malaman makaranta ne da nas-nas da masu aikin banki, gobe kowa zai koma bakin aikinsa da tsamin jiki.

Abun da na lura da shi a bakin fili shi ne tambayar farko. Ba a tambayar sunanka ko aikinka, wace gunduma ka fito kawai. Gundumomi 32 ne a tsibirin nasu, da ka ce Mayo ko Donegal ko Kerry sai a ce wane gari, sai a ce kin san wane, kafin minti biyu an gano ƙanin babarta ya taɓa aikin gini da mijin yayar wannan. Ƙawata ta ce tun kafin ta hau jirgi kocin ƙungiyarsu na ƙauye ya kira wani a nan, aka saka ta a guruf ɗin WhatsApp, a nan aka ce akwai ɗaki da wata za ta bari, ranar Talatar farko tana filin atisaye. Sai na tuna labarin da kakanmu yake ba mu na fatake masu zuwa Kumasi sayen goro, ka sauka a zango ka nemi maigida ɗan garinku, shi zai ba ka masauki ya haɗa ka da dillali ya tsaya maka in magana ta taso. Sak haka, sai dai su nasu maigidan usur ne rataye a wuyansa. Kuma wai irin waɗannan kulob ɗin sun fi 400 a wajen Ayalan, akwai a Sidni, Toronto, Dubai, har Riyad.

Lokacin azahar ya yi na rasa inda zan raɓe, wata daga cikin 'yan wasan ta kai ni ɗakin canja kaya ta share min gefe ta tsaya a bakin ƙofa har na idar, ba ta ma yi wata tambaya ba.

Bayan wasa aka kawo shayi da sanwici, a nan na haɗu da wata tsohuwa, kakar ɗaya daga cikin yaran, ita ce ta cinye min sauran yinin kuma ban yi da-na-sani ba. Da ta ji na ce Kano sai ta kama hannuna, wai 'yar uwar babarta sistar coci ce ta yi shekaru a Najeriya. Na ce Mama ai makarantar St Louis ta garinmu sistocin ƙasarku ne suka kafa ta, tun 1948 suka zo. Zo ka ga murna. Ita tsohuwar nas ce, a shekarun 1960 ta zo tana budurwa, lokacin da asibitocin Ingila ke zuwa har garuruwansu neman 'yan mata su koyi aikin jinya. Ta ce a shekarun 1950 kaɗai kusan mutum rabin miliyan suka bar Ayalan, ƙauye ya koma sai tsofaffi. A zamaninsu ba WhatsApp, akwai coci ranar Lahadi, akwai ƙungiyar 'yan gunduma, sai gidan rawa na Galtymore a Cricklewood inda ta haɗu da maigidanta, an rufe shi a 2008 har yanzu tana jin haushi. Ta ce a lokacin za ka je neman ɗakin haya, da mai gida ya ji harshenka sai ya ce an kama, na ce Mama wannan kam ba sai kin fassara min ba.

Amma ta faɗi wani abu da ya tsaya min. Mazan da suka zo aikin gini da haƙar rami, ba aure, daga aiki sai mashaya, suna aika kuɗi gida suna cewa baɗi za su koma, da yawansu sun tsufa a ɗaki ɗaya a Kilburn ko Camden ba mai leƙa su. Wai shi ya sa take zuwa aikin sa kai a cibiyar 'yan Ayalan ta Camden, wadda ke nan tun shekarun 1950, ana dafa musu abincin rana a cika musu takardun fansho. Kenan yawan 'yan ƙasarku a gari ba shi ne zumunci ba. A ganina abun da ya riƙe ƙawata shi ne atisayen Talata da Alhamis, in ba ta je atisaye ba wata za ta kira ta ce ke lafiya, ina kika shiga. Mu namu guruf ɗin na 'yan Arewa muna da yawa, amma sai Sallah ko suna ko rasuwa ake ganin juna, tsakani kuwa sai turo wa'azi da barka da Juma'a.

Ba wai komai nasu ya burge ni ba. Da yamma kowa ya nufi mashaya, a can ake ainihin hirar, wanda ba ya sha ko ba ya son hayaniya ban san ya yake yi ba, ni dai a nan na yi musu sallama. Ita kanta ƙawar tawa a hanyar tasha ta ce wani lokacin ji take kamar ba ta bar Mayo ba, duk ƙawayenta 'yan can ne, in ban da ni da wata 'yar Filifin ba ta da wata ƙawa ta waje. Ga shi ba sa zama, su da ba sa buƙatar biza a Ingila shigowa da fita ba wuya, ka saba da mutum bana baɗi ya wuce Ostareliya, mai tsaron ragarsu ma wata mai zuwa za ta tafi.

Ina isowa gida ta turo saƙo wai in zo atisaye ranar Talata, suna neman mutane, ba ruwansu da ko ɗan ina ne, kuma ba mai hana ni sa ɗankwalina da dogon wando. Na ce mata Talata ina aikin dare, ta ce toh Alhamis, har ta tambayi lambar takalmina wai akwai wadda za ta ba ni aro. Na ce mata 39, amma ban yi alkawari ba.