Ranar tsintar goro, da maganar da Ɗan'auta ya yi

Laraba. Ruwa tun asuba, bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe tara, kwatar Aboabo ta cika ta tumbatsa kamar yadda ta saba. Koko da ƙosai a tsaye, sannan rumfa.

Yau ranar tsintar goro ce, kwando goma sha ɗaya na kayan Tepa da suka yi mako biyu a rufe. Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake ci. A zazzage kwando a kan tabarma, a bi goron ɗaya bayan ɗaya, wanda aka ga ɗigon baƙi ko 'yar huda a jikinsa a ware shi gefe, a zubar da tsohon ganye, a shimfiɗa sabon ganyen fita, a mayar. Muna kan kwando na huɗu Ɗan'auta ya jefar da wani goro da sankara ta cinye, ya karkaɗe hannu ya ce, "Kawu, don Allah wa ya taɓa yin arziki da goro? Wannan ai sana'ar tsofaffi ce. Ɗangote ma kawunsa ne ya ba shi jari. A ba ni irin nasa a gani."

Kawu ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Kakan mahaifiyar Ɗangoten, da me ya fara, kuma a ina?"

Shiru. Yaron bai sani ba. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har yanzu da nake rubutun nan: an haife shi a Zangon Kumasi, hannunsa ja da goro, amma bai san cewa gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin Kano ta kan wannan kwandon ya bi ba.

Kakan da Kawu yake nufi shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, daga Agalawa yake, waɗanda su da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin Gwanja tun kaka da kakanni. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta koma Accra da zama, shi kuma ya biyo ta yana saurayi. A wancan zamanin ayari kan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, madugu ne shugaba, jagaba na gaba, a yi watanni ana tafe, ta Borgu, ta Sansanne Mango, ta Yendi, har Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Kowane sarki a hanya da abin da za a ba shi, kowane kogi da kuɗin fito. Zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara, wato jarinka sau ɗaya zai juya. Ga shi Salaga kanta ta fara mutuwa tun da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta.

A nan Kawu ya tsaya, domin nan ne abin da yake so yaron ya ji. Ɗantata bai ƙirƙiro goro ba, bai kuma fi sauran fatake iya zaɓe ba. Hanya ya sauya. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, jiragen ruwa na zirga-zirga tsakanin gaɓar nan da Legas, sai ya shiga sahun farko na 'yan Arewa da suka ɗora goro a jirgin ruwa. A 1912 kuma jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Legas da Kano. Tafiyar watanni ta koma ta makonni. Wanda ya san goro ya san abin da wannan yake nufi: jari ya juya sau da yawa a shekara, kuma asarar hanya ta ragu ƙwarai, domin goro ba gishiri ba ne, rayayyen abu ne, kullum yana neman hanyar lalacewa.

Sai Kawu ya ɗauki goron da yaron ya jefar, ya fasa shi da farce, ya nuna masa garin da ke ciki. Sankara ba a rumfa take shiga ba, tun daga gona take zuwa. Ƙwaron yana saka ƙwai ne a goron da ya faɗo ƙasa ya kwana, ko wanda adda ta yi wa rauni wajen fasa kwanso. Tsutsar ta girma a ciki tana ci, waje kuwa sumul. Shi ya sa mai saye na ƙwarai yake tambayar manomi ko tsinko shi aka yi daga bishiya ko tsinto shi aka yi a ƙasa. Bayan an fasa, a jiƙa shi kwana guda ko a tara shi 'yan kwanaki har farin ɓawon ya ruɓe, a wanke tas, a zuba a kwandon da ba ganye ya yi gumi kwana uku zuwa biyar. Wanda ya yi gaggawa ya rufe shi da ganye kafin gumin ya ƙare, fumfuna zai tarar. Wanda ya bar shi a buɗe cikin hunturu, ya yamushe, ba mai saye. Ruwa ya yi yawa a ganye, ya tsiro. A farko kowane mako ko biyu ake tsinta, in ya zauna sai a koma wata-wata, kuma wanda aka riƙe da kyau har ya zama daushe shi ne mai kuɗi. Masu barbaɗa maganin ƙwari a cikin huhu don gudun wannan wahala, Allah ya shirye su, abin da mutum zai tauna ne.

"To," in ji Kawu, "ka ɗora wannan kaya a kan jaki wata uku, kana kwancewa kana yayyafa ruwa a kowane zango, ka gaya mini ƙwarya nawa, wato goro ɗari-ɗari, za ta isa Kano lafiya."

Ɗan'auta ya ce to ai da gyaɗa aka san Ɗantata, ba da goro ba. Gaskiyarsa, kuma ni a ganina nan ne ma wayon mutumin ya fi fitowa. Irin goron namu ya riga ya ƙetara, Yarabawan Agege da Shagamu sun dasa shi, har yau gbanja suke kiransa, daga sunan Gwanja. Kasuwar da goron nan ya mallaka shi kaɗai ta samu kishiya a kusa da layin dogo. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa. Tsarin da ya kai can tsarin maigida da yaransa ne da muka sani a nan: kamfani ya ba shi kuɗi, shi ya raba wa yaransa, su shiga ƙauyuka su ba manoma tun kafin kaka, gyaɗa ta fito a auna a kawo. Ba takarda ce ke riƙe da wannan kuɗi ba, sanin asalin mutum ne da sanin gidan da za a je in ya gudu. Buhunan da suka jira jirgi su ne aka jera suka zama dalar gyaɗa. A 1929 raƙuma 20 suka kai kuɗin azurfarsa ajiya a bankin Turawa na Kano. Ya rasu a 1955.

Sauran kowa ya sani. Cikin 'ya'yansa, Sanusi ya riƙe gyaɗa da sufuri, Aminu ya faɗaɗa zuwa gine-gine da man fetur, ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka share dalar, amma gidan bai tafi da ita ba. Mariya 'yar Sanusi ta haifi Aliko a 1957, ya fara nasa a 1977 da rancen da yaron nan yake ta ambato, ya yi shekaru yana shigo da shinkafa da sukari da siminti kafin ya koma yin su da kansa, yau ga matatar mai ta ganga 650,000 a rana a Lekki, ga simintinsa a Tema. Gidan Isyaka Rabi'u ma haka, malamin Alƙur'ani da ya shiga kasuwa, ɗansa Abdussamad ya kafa BUA a 1988. Rancen Aliko gaskiya ne, ba wanda ya musa. Amma sai da aka yi shekara saba'in ana gina gidan da zai iya bayar da shi.

Da rana raina fes, har ina yi wa yaron dariya. Bayan la'asar abin ya juye mini. Goron daga dajin Ahafo ya fito, a zangonnin nan aka ɗaure shi, masu masaukinmu suka ci la'ada, amma ina gidan da za mu nuna? Kuɗin ya bi ta kanmu kamar ruwan kwatar Aboabo. An ce dokar korar baƙi ta Busia, Firayim Ministan Ghana, a 1969 ta watsa manyan gidaje, an sayar da dukiya a wulaƙance cikin mako biyu, kuma haka ne. Amma bai ishe ni amsa ba. Mu har yau huhu ɗaya, mota ɗaya, hanya ɗaya, ko ta Aflao zuwa Legas ko ta Arewa har kasuwar Mariri. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun ga abin da hanya ɗaya take yi wa mai ɗanyen kaya. Kuma in maigida ya rasu, a raba jari kashi goma sha, kowa ya sayi babur.

Na so in faɗa wa Kawu wannan, na fasa. Ba zai ji daɗi ba.

Lissafin yau: ƙwarya uku da 'yan kai muka ware daga kwando goma sha ɗaya, yawanci daga kwanduna biyu na manomi ɗaya. Ba za a ƙara saye a wurinsa ba sai ya yi bayani. Ganye ya ƙare, Hajiya ta ce mai kawowa sai Juma'a.

Wuta ta ɗauke bayan isha'i. Ɗan'auta ya turo saƙo yana tambaya ko Bebeji tana da nisa da Kano. Ban amsa ba tukuna, caji saura kaɗan.