Yadda na bi diddigin sunan Revis, daga Yorkshire zuwa Afirka ta Yamma

Abin da ya ja ni ga Revis, wani sunan zuriya a Ingila, wani bincike ne da Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester suka wallafa tare da abokan aikinsu a 2007. Sun gwada ƙwayoyin halittar maza 18 masu wannan suna, sai aka tarar 7 daga cikinsu suna ɗauke da wani nau'in ƙwayar Y (wadda ɗa namiji ke gada daga ubansa) da ake kira A1, wanda a Afirka ta Yamma aka san shi. Turawa ne fat, babu mai labarin wani kaka baƙar fata a gidansu. Na ce lallai sai na bi sawun sunan nan da kaina.

Asalinsa sunan wuri ne, Rievaulx, a kwarin kogin Rye kusa da Helmsley, arewacin Yorkshire. Nan Kiristoci masu ibada na ɗariƙar Cistercian suka kafa gidansu a 1132, Sarki Henry na Takwas ya rufe shi a 1538. Mutanen yankin "Rivis" suke cewa da baki. Mu ma ai mutum kan ɗauki sunan garinsu, a ce Shagari ko Gusau, sai dai a Ingila tun wajen ƙarni na 14 sunan yake manne wa zuriya, ɗa ya gada wurin uba, jika ya gada.

Aikin takardu shi ya ci mini lokaci. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli, 1837, kuma jerin sunayen yana nan kyauta a shafin intanet na FreeBMD. Na haɗa shi da ƙidayar jama'a ta 1881 da ke shafin FamilySearch. Abu na farko da na koya shi ne kada ka tsaya a kan rubutu ɗaya. Akawu abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, yau Revis, gobe Rivis, duk mutum guda. Ƙidayar 1841 kuwa sai da hattara, don an rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 34 a rubuta shi 30. Ta 1851 ta fi ta amfani nesa, ita ce ta fara faɗin garin da aka haifi kowa.

Daɗin sunan da ba shi da yawa shi ne kana iya tattaro masu shi kakaf, ka zauna ka rarraba su gida-gida. Haɗarinsa kuma nan yake: ka ga William biyu a ƙauyuka maƙwabta, zuciya ta ce maka ai mutum ɗaya ne. Ni dai ban yarda na haɗa uba da ɗa ba sai takardu biyu sun shaida.

Kafin 1837 sai littattafan coci, waɗanda Thomas Cromwell, babban na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya ba da umurnin a riƙa ajiyewa tun 1538. Da yawa na farkon sun salwanta, kuma kafin 1813 sau tari sunan jariri da na ubansa da kwanan wata kawai za ka samu. A nan masanan Leicester suka tsaya: sassan zuriya biyu, kowanne ya kai ƙarshen ƙarni na 18 a Yorkshire, jini ya nuna kakansu ɗaya, takarda ba ta haɗa su ba.

Ta yaya Ba'afirke ya shiga wannan gida? Ana maganar sojojin Rum 'yan Arewacin Afirka da suka yi gadin ganuwar Hadrian da ke arewacin Ingila a ƙarni na 3, ana kuma maganar 'yan Afirka da aka riƙa kawowa Ingila daga ƙarni na 16, zamanin cinikin bayi. Hankalina ya fi kwanciya da ta biyu, tunda ƙwayar ta Afirka ta Yamma ce, kuma abin yana taɓa ni, mutum ya bar zuriya a ƙasa amma sunansa na yanka ya ɓace. Shi ya sa yanzu na koma kan littattafan baftisma na garuruwan bakin teku irin su Hull da Whitby, domin limaman coci na wancan zamani sukan rubuta a gefen suna cewa wanda aka yi wa baftismar baƙar fata ne.