Inda aka kwana a binciken salsalar Pieter Claesen

'Yan'uwa masu koyon binciken nasaba, ga inda aiki ya kai a kan mutumin da aka ɗauka don gwaji, wato Pieter Claesen, kakan zuri'ar da yau ake kira Wyckoff a Amurka. Yana cikin waɗanda suka zauna a yankin da Holan ta mallaka a bakin kogin Hudson, kafin Ingila ta ƙwace shi a 1664 ta mayar da New Amsterdam New York. An zaɓe shi ne saboda takardunsa na da yawa, kuma an taɓa jingina masa asalin ƙarya. Duk ramin da mai koyo zai iya faɗawa akwai shi a fayil ɗinsa.

Zuwansa ya tabbata. Jirgin ruwa mai suna Rensselaerswyck ya bar Amsterdam ranar 25 ga Satumba 1636, guguwa ta tilasta masa fakewa a Ilfracombe da ke Ingila, bai iso Manhattan ba sai 4 ga Maris 1637. Daga nan ya haura kogi zuwa Fort Orange, inda birnin Albany yake yanzu, a cikin watan Afrilu. Littafin lissafin gandun Kiliaen van Rensselaer, attajirin Amsterdam da ya mallaki filayen da ke kewaye da Fort Orange, ya nuna Pieter a matsayin ɗan ƙwadago na shekara shida a hannun wani manomi, Symon Walichsz. A. J. F. van Laer, wanda ya fassara takardun gandun aka buga a 1908, ya danganta shi da Norden ta Gabashin Frisiya, wadda ke cikin Jamus ta yau. A riƙe wannan da kyau, domin da yawa cikin mazaunan yankin ba 'yan Holan ba ne a haihuwa. A cikin jirgin nan ma akwai Albert Andriessen Bradt, mutumin Fredrikstad ta Norwe. Wanda ya fara nema a rajistar cocin Holan kawai don ya ji an ce mulkin Holan ne, zai ɓata watanni a banza.

Wurin da aka fi daɗewa shi ne suna, kuma ya cancanci a daɗe. Claesen ba sunan dangi ba ne, yana nufin ɗan Claes. Tsarin bai bambanta da namu ba, inda Musa ɗan Abdullahi ke zama Musa Abdullahi, ɗansa kuma ya zama Sani Musa, wani lokaci a ƙara sunan gari. Saboda haka 'ya'yan Pieter suna fitowa a takardu da sunan Pietersen ko Pieterse, ba Claesen ba. Akawu kan gajarta sunan ko ya sauya rubutunsa, ya rubuta Claesz ko Claessen ko Niclaesz, domin Claes gajeren Nicolaes ne. Na mace kan ƙare da dr ko s. Idan an shigar da "Wyckoff" a akwatin bincike na intanet, duk takardun shekarunsa na farko a Amurka ba za su fito ba, tunda a lokacin bai ɗauki sunan ba. A Holan kanta sai 1811, zamanin Napoleon, doka ta wajabta wa kowa sunan dangi.

Haka nan 'yan uwa ɗaya uba ɗaya kan ƙare da sunan dangi daban. Matar Bradt ta haihu a cikin jirgin nan ana tsakiyar guguwa, aka sa wa yaron suna Storm, daga baya aka san shi da Storm van der Zee, zuri'arsa suka zama Vanderzee, ƙannensa kuma suka ci gaba da Bradt. Mai bin sunan dangi zai raba gida ɗaya gida biyu bai sani ba.

Dabarar da ta yi aiki ita ce takardar bibiya mai gurbi shida, kowace takardar tarihi layi guda. Gurbi na farko kwanan wata kamar yadda yake a rubuce. Na biyu suna harafi da harafi, ba gyara. Na uku matsayinsa a takardar: uban jariri ne, shaida ne, mai bin bashi ne ko wanda ake ƙara. Na huɗu duk sauran sunayen da ke ciki. Na biyar kundi da shafi. Na shida, shin asalin rubutun aka gani, ko fassara, ko kwafin wani. Gurbi na huɗu ne ke raba gardama. Mutum biyu na iya zama Pieter Claesen a ƙarni ɗaya a yanki ɗaya, amma ba za su haɗa mata da suruki da maƙwabta ba. Waɗanda ba su iya rubutu ba kuma kan sa alama maimakon sa hannu, kowa da tasa, don haka a zana alamar a gefen layin duk inda aka ci karo da ita.

Matarsa Grietje ce, 'yar Cornelis Hendricksz van Ness, wanda ya zo gandun a 1641 daga wajen Vianen. A al'adarsu mace ba ta ɗaukar sunan miji, saboda haka a neme ta da Grietje Cornelis ko Grietje van Ness. Rajistar aurensu ba ta samuwa, kuma dalilin a fili yake: rajistar baftisma da aure ta cocin New Amsterdam ta fara daga 1639, amma su suna can arewa, inda abin da ya tsira na cocin Albany bai fara ba sai 1683. Hujjar ta fito ta wata hanya. Dokar Holan ta ce wanda matarsa ta rasu, kafin ya sake aure sai ya ware wa 'ya'yanta rabonsu na gadon uwarsu a rubuce. Da Cornelis zai sake aure a 1664 aka rubuta irin wannan yarjejeniya, aka jera 'ya'yansa da mazajen 'ya'yansa mata, Pieter Claesen yana ciki a matsayin mijin Grietje. Duk inda rajistar coci ta yanke, a nemi takardar aure na biyu, da bayanan hukumar kula da dukiyar marayu, da zaman kotu. Sau da yawa sun fi rajistar cocin bayani.

Sunayen 'ya'ya ma shaida ne, ko da yake mai rauni. Al'ada ita ce a yi wa kakanni takwara. Cikin 'ya'yansu goma sha ɗaya, maza shida mata biyar, akwai Claes, sunan mahaifin Pieter, akwai Cornelis, sunan mahaifin Grietje, akwai Mayken, sunan mahaifiyarta. Wannan na ƙarfafa abin da takarda ta riga ta nuna, amma shi kaɗai ba ya isa a gina nasaba a kansa. Kuma idan yaro ya rasu, sukan mayar da sunansa ga na bayansa. Ganin suna ɗaya sau biyu a rajistar baftisma, da tazarar shekara biyu ko uku, yawanci rasuwar na farko yake nufi, ba kuskuren akawu ba. A lura da ƙananan haruffan rajistar aure: j.m. saurayi ne da bai taɓa aure ba, j.d. budurwa, wed. wanda abokin zamansa ya rasu, kuma kalmar van da ke biye tana faɗin garin da mutum ya fito. Bayan zuwan Ingilishi sai akawu suka fara juya sunaye, Teunis ya koma Anthony, Tryntje ta koma Catherine, Dirck wani lokaci Richard.

Game da ingancin takardun, gobara ta tashi a ginin majalisar jihar New York a Albany ranar 29 ga Maris 1911 ta lashe ɗakin karatu na jiha, inda aka ajiye takardun zamanin mulkin Holan. Kundi na farko na rajistar sakataren yankin ya ƙone, sai tsohuwar fassarar E. B. O'Callaghan ta rage. Kimanin shafi 12,000 ne suka tsira, da yawa gefensu a babbake. Aikin fassara su da Charles Gehring ya jagoranta ya fara a 1974. Inda akwai sabuwar fassara ita ake ɗauka, a rubuta a gurbi na shida cewa fassara ce. Can Holan kuwa, an sayar da yawancin tsoffin takardun Kamfanin West India, kamfanin Holan da ya mulki yankin, a matsayin takardar banza a 1821, abin da ya sa jerin fasinjojin shekarun farko yake da giɓi sosai.

Kwanan wata na da nasa tarkon. Lardin Holan, inda Amsterdam take, da yankin bakin kogin Hudson suna bin sabuwar kalanda, wadda ake bi a yau, Ingila kuwa ta tsaya kan tsohuwa har 1752, shekararta na farawa 25 ga Maris. Tazarar kwana goma ce a ƙarni na 17. Takardar Ingilishi mai ɗauke da 10 ga Fabrairu 1686 tana nufin 1687 a lissafinmu. Kada a gyara a gurbi na farko, a rubuta gyaran a gefe.

Sauran rayuwarsa ta zo da sauƙi. Ya koma Amersfoort, wato Flatlands a Brooklyn ta yau, ya kula da gonar Gwamna Peter Stuyvesant, ya yi alƙalancin gari. Gidan da ya zauna, wanda tsohon ɓangarensa ya kai wajen 1652, yana nan tsaye an mayar da shi gidan tarihi. Jerin waɗanda suka yi rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila a 1687 yana da amfani ƙwarai, domin an rubuta wa kowane baƙo shekarun da ya yi a ƙasar, an rubuta wa haifaffen wurin cewa ɗan ƙasa ne. A nan Pieter ya fito da sunan Wijckoff, an ba shi shekara 51 a ƙasar. A cire 51 daga 1687, a samu 1636, shekarar da jirgin ya tashi. Takarda biyu da ba su san juna ba sun haɗu.

Inda aka tsaya shi ne mahaifinsa. A shafukan nasaba na intanet za a ga an ce an haifi Pieter a 1625 a tsibirin Oland na Suwidin, ɗan Claes Cornelissen van Schouw, har da jerin kakanni masu tsawo. Kada a kwafa. Wannan salsala ta fito daga hannun Gustave Anjou, wanda ya rasu a 1942, ya kuma shahara da ƙirƙirar nasaba yana sayar wa iyalai. Dabararsa ita ce ya cika shafi da takardun gaskiya masu yawa, ya cusa ta ƙarya ɗaya daidai inda ake haɗa Amurka da Turai. Claes Cornelissen mutum ne na gaskiya da ya zauna a yankin, shi ya sa ƙaryar ta shiga. William J. Hoffman ya warware ta tun 1945, amma har yau ana ta kwafarta, abin takaici ne ƙwarai, domin dubban zuri'a suna riƙe da kakannin da ba nasu ba. Alamar gane irin wannan ita ce cikakken kwanan haihuwa a wata ƙasa mai nisa, ba sunan coci, ba kundi, ba shafi. A takardar bibiya an rubuta "Claes" kawai a matsayin uba, domin iyakar abin da sunan Pieter ya bayar ke nan.

Mataki na gaba wuri biyu ne. Na ɗaya kundin notarorin Amsterdam, wato masu rubuta yarjejeniya a hukumance, da ke ma'adanar tarihin birnin, inda ake rubuta yarjejeniyar 'yan ƙwadago kafin su hau jirgi, a duba watannin da suka gabaci Satumba 1636, da dukkan rubutun sunan guda huɗu. Na biyu takardun Gabashin Frisiya da ke ma'adanar Aurich, a nemi Claes mai ɗa Pieter a Norden da ƙauyukanta. Wanda zai ɗauki wannan ɓangaren ya tuna cewa yankin ya zauna kan tsohuwar kalanda har 1700, don haka duk kwanan da ya samu can sai ya ƙara masa kwana goma kafin ya gwada shi da na Amsterdam.