Inda buhunan yazawata suke sauka

Shekara 11 ina sayen ƙwallon yazawa a ƙauyukan Kogi da Kwara, ina ɗurawa a buhu, ina lodi a kwantena a Legas, amma ban taɓa taka ƙasar da kayan suke zuwa ba. Sunan garin kawai nake gani a takardar jirgin ruwa: Ho Chi Minh. Sai da abokin cinikina na can ya matsa da gayyata, sannan na shirya na tashi daga Kano ta Doha. Mun sauka a filin jirgin Tan Son Nhat da yamma, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, don damina ce a kudancin Biyetnam.

Na girma a Kano tun kafin a hana acaɓa, amma baburan wannan gari sun wuce duk abin da idona ya saba. A kowace danja ɗaruruwa ne suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kowa da hular kwano da rigar ruwa, wata da yara biyu, wani da kwandunan kaya har sun rufe shi. Mutanen garin ma har yanzu Saigon suke ce masa a bakinsu, tsohon sunan da aka canza bayan yaƙin Biyetnam.

Abokin cinikin nawa ba ya jin Turanci sosai, sai ya haɗa ni da 'yar ƙaninsa ta zama tafinta. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Tun ranar farko "chu" take kirana, na tambayi ma'ana, ta ce kamar baffa ne, haka ake kiran wanda ya kai ƙanin mahaifi. Ni kuma na riƙa ce mata 'yata.

A sito na fara gane wace ce ita. An ɗebo kilo ɗaya daga buhunan da na aiko, wani dattijo ya zauna yana tsaga ƙwallon ɗaya bayan ɗaya da wani almakashi na musamman, yana ware mai kyau da mai tabo da wanda ya ruɓe. Ita kuma tana gefe da ƙaramin sikeli da wayarta. Cikin minti kaɗan ta fitar da nauyin ƙwayar da za a samu a buhu mai kilo 80, ta zura na'urar auna danshi, sannan ta juyo ta ce, "Chu, kayanka masu kyau ne, amma ba su gama bushewa ba aka ɗinke buhun." Gaskiya ta faɗa. Na san ranar da hadari ya sa muka kwashe shanya da wuri. Daga nan ta jero min yadda farashin ya fito: kuɗin jirgin ruwa, canjin dala da kuɗinsu dong, abin da masu saye a Amurka da Turai suke biya a wannan watan. Ban taɓa jin an warware min sana'ata haka ba, kuma ba ta ɓoye komai ba.

Na ce, "'Yata, a ina kika koyi wannan?" Ta ce rabi a wurin baffanta, rabi a makaranta. Tana shekara ta uku a Jami'ar Tattalin Arziki ta Ho Chi Minh, wadda suke taƙaitawa UEH, tana karanta kasuwancin ƙasa da ƙasa. Na roƙe ta ta kai ni in gani.

Babban mazaunin jami'ar yana lamba 59C, titin Nguyen Dinh Chieu, a tsakiyar gari. Wanda ya saba da jami'o'inmu masu faɗin fili da dogon titi daga ƙofa zai iya wucewa bai lura ba. Gini ne a cikin gine-gine, bishiyoyi dogaye a bakin titi, baburan ɗalibai jere kamar an auna da igiya. Sauran sassan suna warwatse a unguwanni, akwai kuma reshe a Vinh Long, can yankin kogin Mekong inda ake noman shinkafa. Ta gwamnati ce, amma ba kyauta ba ce. Ana biyan kuɗin makaranta, shi ya sa ɗalibai da yawa suke haɗawa da aiki kamar yadda ita take yi.

An kafa ta a 1976, shekara ɗaya bayan ƙarewar yaƙi. Na daɗe ina juya wannan a raina muna tsaye a farfajiya. A lokacin gwamnati ce take yanke farashi, ita take raba abinci da kati, ciniki irin nawa kuwa abin tuhuma ne. Yarinyar ta ce kakarta har yau tana ba da labarin layin shinkafa tun asuba. A 1986 hauhawar farashi ta haura kashi 700 cikin ɗari, a shekarar ne kuma jam'iyya mai mulki ta ɗauki sabon tsarin da suke kira Doi Moi, wato sabuntawa. A 1988 aka bar wa magidanta gonaki su noma su sayar da kansu, a 1989 ƙasar da take fama da ƙarancin abinci ta fara fitar da shinkafa waje. Yau Brazil ce kaɗai ta fi su fitar da kofi, a ɓararriyar yazawa kuwa su ne kan gaba a duniya, alhali mafi yawan ɗanyen ƙwallon daga Afirka da Kambodiya suke sayowa. Ke nan makarantar da aka buɗe a zamanin kati ita ce yanzu take yaye yaran da suke zama da wayar hannu su yi wa kayan Kogi farashi.

Wannan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Bishiyar tamu ce, ranar da ta busar da ƙwallon tamu ce, guminmu ne a lodi. Ɓarewa da tacewa da gasawa da lissafin, duk a nan suke, ribar ma nan take zama. Ban ji haushinsu ba ko kaɗan, aiki suka yi. Ciwon da na ji namu ne.

Da magariba ta kawo jiki muka taka zuwa shataletalen da suke kira Tafkin Kunkuru, 'yan taku kaɗan daga makarantar. Ɗalibai ne cike, zaune a gefen ruwa da kan ƙananan kujerun roba, wasu da kwamfuta a cinya. Na sha kofinsu mai ƙanƙara da madarar gwangwani, mai ƙarfi ne ƙwarai. Abinci kam sai titin Nguyen An Ninh kusa da kasuwar Ben Thanh, inda ake samun na halal. Juma'a na yi ta a masallacin titin Dong Du, wanda Musulmin Indiya suka gina a 1935, sahu ɗaya da 'yan ƙabilar Cham da mutanen Malesiya.

Ana gobe zan taso na ce mata ina son irin almakashin nan da na'urar auna danshi. Ta ɗauko babur ɗinta, ta miƙo min hular kwano, muka ratsa gari har shagon da baffanta yake saye. Ta kuma rubuta min hanyar lissafin a takarda da hannunta, mataki mataki, ta sa na gwada sau biyu a gabanta. Takardar tana cikin fasfona har muka sauka Kano. Da na isa gida, ɗana babba na fara miƙa wa, na ce ya kwafe ta sau uku kafin kakar yazawa ta kama.