Yadda na daina koyar da Turanci kalma-kalma

Na daɗe ina koyar da Turanci a ajin yamma, irin wanda iyaye ke biya wa 'ya'yansu idan jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato. Yawancin yaran da ake kawo mini ba kalmomi suka rasa ba. Sai ka ga yarinya ta haddace manyan kalmomin da ko Baturen Landan sai ya buɗe ƙamus kafin ya gane su, amma in ta zo rubuta wasiƙa sai ta ce "we want to discuss about the matter", ko "I am requesting for your help". Kowace kalma a nan lafiyarta ƙalau, haɗin ne bai yi ba. Mai gyaran takardar jarrabawa kuwa haɗin yake bi da jan biro.

Shi ya sa na canza salo. Na sa kowane ɗalibi ya sayi littafin rubutu na daban, muka sa masa suna littafin abokan tafiya. Dokarsa ɗaya ce: ba a rubuta kalma ita kaɗai. In ka ci karo da "depend", to "depend on" za ka rubuta, tare da cikakkiyar jimlar da ka tsince ta a ciki, daga jarida ne ko daga labaran rediyo. Haka "good at", "afraid of", "interested in", "married to", "congratulate him on".

Da farko yaran sun ɗauka wata wahala ce na ƙirƙiro musu. Abin da ya sa suka sakar mini jiki shi ne ranar da na juya zancen zuwa Hausa. Na ce su kawo mini duk abin da Bahaushe yake ci wanda ba abinci ba. Nan take aji ya kaure: cin amana, cin zaɓe, cin bashi, cin mutunci, cin kasuwa, cin jarrabawa. Na ce to abin da yake sha fa? Shan wahala, shan iska, shan kashi, shan kaye. Sai na tambaye su, me ya sa ɗan takara yake cin zaɓe amma yake shan kaye, ba ya shan zaɓe ko cin kaye? Babu wanda ya iya ba da dalili, domin babu dalilin. Haka muka taras ana faɗa. Na ce musu to Bature ma haka ya taras ana cewa "make a mistake" amma "do your homework", "take medicine" amma "have a bath". Mu "yi" ɗaya ta ishe mu, mu yi kuskure, mu yi aikin gida, mu yi wanka. Shi kuwa Bature ya raba wannan aiki tsakanin "make" da "do" da wasunsu, kuma ba wata ƙa'ida da za ta raba maka su tas. Sai dai kunne ya saba.

Da tafiya ta yi nisa na gane kurakuran nan ba da ka ake yin su ba, kowanne da mafarinsa. Wanda ya rubuta "I am having a car" ko "I am hearing Hausa", "ina da mota" da "ina jin Hausa" ne suke magana a bakinsa, domin "ina" ɗin nan ita ce dai ta "ina tafiya", sai ya ba ta "-ing". Turanci kuwa ba ya son "-ing" a kan aikatau irin su "know" da "understand" da "have" ta mallaka. Wanda ya rubuta "advices" ko "informations" ko "furnitures", ai yana da shawarwari da bayanai da kayayyaki a harshensa. Shi kuma "discuss about" daga cikin Turancin kansa ya fito: sunan yana ɗaukar ƙaramar kalmar, aikatau ɗin ba ya ɗauka. Ana cewa "a discussion about it" amma "discuss it", "a request for money" amma "request money", "emphasis on" amma "emphasise" zalla. Da zarar yaro ya ga su gefe da gefe a shafi ɗaya, da wuya ya sake haɗa su.

Inda muka fi daɗewa shi ne abin da ke biyo bayan aikatau. "Enjoy", "avoid", "finish" da "mind" suna jan "-ing". "Want", "decide", "refuse" da "hope" suna jan "to". "Make" da "let" ba sa son ko ɗaya, "he made me wait" ake cewa, ba "made me to wait" ba, alhali in aka juya jimlar "to" ɗin sai ta dawo: "I was made to wait". Akwai kuma masu karɓar duka biyun amma ma'ana ta sauya. "He stopped smoking" ya daina shan taba ke nan, "he stopped to smoke" kuwa tsayawa ya yi don ya sha. Wani yaro ya ce, "Malam, ashe da kalma ɗaya mutum zai tashi daga tuba ya koma ruwa." Tun daga ranar ba wanda ya ƙara mantawa da wannan. Sai kuma "I look forward to seeing you", wadda ke rufe kusan kowace wasiƙar neman aiki, kuma take kayar da manya ma, saboda ido yana ganin "to" sai hannu ya rubuta "see".

Duk wannan yana cikin ƙamus, karanta shi ne ba a yi. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci, wanda ake samu a makarantu da yawa, A. S. Hornby ne ya assasa shi, malamin da ya koyar da Turanci a Japan. A can aka fara buga shi a 1942, kafin Oxford ta fitar da shi a 1948, kuma tun asali an gina shi ne don ya nuna yadda kowace kalma take zama a jimla. Yaranmu sukan karanta layin ma'ana su rufe. Ni kuwa ƙasan layin nake tura su, wurin misalai, inda aka rubuta "sb" da "sth", wato wani mutum da wani abu. "Accuse sb of sth", "prevent sb from doing sth". Amsar tambayoyin cike gurbi na takardar zaɓi-ɗaya tana kwance a wurin.

Wata ɗaliba mai kaifin baki ta taɓa tare ni. Ta ce, "Malam, ai Turancinmu na Nijeriya ma Turanci ne." Gaskiyarta. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, cikinsu har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow". Ba na yi wa kowa dariya don ya ce "off the light", kuma haushi nake ji in na ga ana kunyata mutum a bainar jama'a saboda irin wannan. Amma na ce mata, 'yata, mai gyaran takardarki "switch off the light" yake jira, in kuma wakilin suna ne a tsakiya zai zauna, "switch it off". Ki san duka biyun, ki san inda kowanne yake ci.

Ɗaliban da suka kwafo dogon jerin irin waɗannan haɗe-haɗen kalmomi daga littattafan tsofaffin tambayoyi suka haddace, ba su cika riƙe shi har ranar jarrabawa ba. Waɗanda suka tsinto nasu ɗaya-ɗaya daga abin da suke karantawa, littafinsu ya fi ƙanƙanta amma ya fi fitowa a rubutunsu. Don haka yanzu biyar kawai nake nema a mako, da sharaɗin kowacce ta shiga jimlar da ɗalibi ya ƙirƙira a kan gidansu ko unguwarsu.

Abin da har yanzu littafin bai gama magance mana ba shi ne "a" da "the". Yana taimakawa a wurare irin su "go to school" da "play football" da "play the guitar", inda haɗin a daskare yake. Sauran wuraren kuwa sai yawan karatu, don haka nake raba musu tsofaffin jaridu kowace Juma'a, su ja layi ƙarƙashin kowace "the" a labari ɗaya, mu zo Litinin mu yi gardama a kan abin da ya kawo ta wurin.