Yadda muke duba kayan abinci a sito da kan tebur

Idan muka fita aikin duba-gari a kasuwa irin Singa ta Kano, ba ma tsayawa a gaban shago. Kayan da aka jera a gaba an riga an zaɓe su. Sito muke cewa a buɗe mana, mu zaro katan daga ƙasa da kuma can jikin bango, inda tsohon kaya ke kwanciya.

A jikin kowane kaya muna neman sunan kamfani da cikakken adireshinsa, da jerin abin da aka haɗa, da nauyi, da lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, sai ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi. A nan wurin kwanan wata ne aka fi yin ha'inci. Ana goge tsohon da tina, ruwan tsinka fenti, a buga sabo, to amma wurin yakan dushe, ko ya fi sauran jikin gwangwanin sheƙi. Mukan karkata shi a hasken rana, mu murza da ɗan yatsa mai danshi. Sabuwar tawada takan biyo hannu. Abin da ya fi kama masu wannan ha'inci shi ne gwada lambar rukuni ta jikin katan da ta kayan ciki. Mai sauya kwanan gwangwani 48 ba kasafai yake tunawa da kwalin ba.

Sai dai kwanan wata mai kyau ba ya wanke kaya. Madarar da ta sha zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano, ko buhun fulawa da aka ajiye a kan siminti babu katako, za su lalace da sauran wa'adinsu. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya lotsa a bakin haɗi, ko ya yi tsatsa, fitar da shi muke yi ko me aka rubuta a kai.

Inda aikin ya fi wuya, a ganina, shi ne kayan da aka farke buhu aka ƙuƙƙulla a leda: madarar gari, garin lemo, ɗan tsami. Babu suna, babu rana. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da gurɓataccen garin lemo da ɗan tsami suka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, har aka rasa rayuka. Don haka mukan ce, “Alhaji, ina buhun da aka ɗebo wannan?” In babu buhu, babu rasiɗin dila, kayan ba sa komawa kan tebur.

Gishiri na da sauƙi: ɗigo ɗaya na ruwan gwaji, in akwai sinadarin aidin zai koma shuɗi. Wake kuwa hanci ne ke fara aiki, domin warin fiya-fiya ba ya ɓuya in an tona tsakiyar buhu. Ayabar da aka nuna da kabaid ɗin masu walda takan yi rawaya fes alhali wuyanta kore ne, cikinta da tauri.

Manja mai ja fiye da kima ido ba ya yanke masa hukunci, sai ɗakin gwaje-gwaje. Mukan ɗebi samfuri a gaban mai kaya, a raba uku, a liƙe, kowa ya sa hannu: ɗaya gwaji, ɗaya ofis, ɗaya a bar masa. Sauran jarkokin a ƙirga su a rubuce kafin a garƙame sito, in ba haka ba kafin sakamako ya fito an kwashe rabi da daddare.