Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Daren Doha

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya karɓe makullin shagon Kwari daga hannuna ya miƙa wa Yaya Babba. Zan koma kan wannan, amma yau sai na tsallake shekaru masu yawa, don tun da na ajiye alƙalami wancan dare na Doha yake ta dawo min.

A watan Oktoban 2018 ne, ina kan hanyar zuwa baje kolin Kanton, babbar kasuwar baje koli da ake yi a birnin Guangzhou na ƙasar Chana. A wancan zamanin Qatar Airways ba ta zuwa Kano, sai a 2022 ta fara, don haka dole mutum ya gangara Legas tukuna. Abin ma da takaici, garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya tun 1925, wai shi ne ɗan kasuwarsa zai kwashi jaka ya tafi kudu neman jirgi, musamman bayan KLM ta tattara ta bar mu a 2012. Ga kuma rikicin da ya sa Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka rufe wa jiragen Qatar samaniyarsu tun 2017, sai an yi zagaye kafin a isa.

Ban sayi tikitin ajin farko da kuɗina ba, kar wani ya je ya ƙara gishiri. Yaron da ke yanka min tikiti ne ya ce, "Alhaji, makin da kamfanin jirgi ke ba ka saboda yawan tafiya ya taru, in ba ka ci ba zai lalace." Shi ya ɗaga ni daga ajin 'yan kasuwa zuwa na farko a zangon Doha zuwa Guangzhou, a ƙaton jirgin nan mai bene, A380.

Na wuce ƙatuwar 'yar tsanar nan rawaya mai fitila a ka da ke tsakiyar filin jirgin Hamad, inda kowa ke ɗaukar hoto, aka nuna min hanyar falon Al Safwa, wurin hutawar fasinjojin ajin farko na Qatar Airways. Wata yarinya a bakin ƙofa ta karɓi takardar shiga jirgina, ta duba, ta kira sunana daidai, ta ce in shigo. Shi ke nan. Ba ta tambayi ɗan gidan wane ne ni ba, ba ta tambayi wa ya tsaya min ba.

A nan ne maganar Baffa ta faɗo min. Ina saurayi, na riƙe masa shago rani da damina ba a taɓa neman kwabo an rasa ba, na roƙe shi ya tafi da ni Dubai saro kaya ko sau ɗaya. A gaban masu ciniki ya dube ni ya ce, "Kai yaro, bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne." Aka yi dariya. Ya tafi da Yaya Babba, wanda har yau bai iya bambance shadda mai kyau da ta bogi da hannu ba.

Falon ba irin wanda nake zato ba ne. Na ɗauka zan ga zinare da ƙyalƙyali, sai na tarar da bango dogo launin ƙasa, rufi can sama, fili fetal, mutane 'yan tsiraru. A tsakiya ruwa ne ke gangarowa daga sama zuwa cikin wani faffaɗan kwano, ba ka jin komai sai shi. An jera tsofaffin kayan tarihi cikin gilashi, waɗanda aka aro daga gidan adana kayan tarihin Musulunci na Doha. A 2015 aka buɗe wurin, shekara guda bayan filin jirgin kansa. Takalmina sau ciki ne sabo, yana ƙara a kan daɓen, har na riƙa taka ƙasa a hankali kamar surukin da ya shiga gidan surukai.

Na yi alwala na haɗa Magariba da Isha'i a masallacinsu, sannan na zauna cin abinci. Ba layi, ba ɗibar kanka. Takarda ake kawo maka ka zaɓa, a dafa a kawo. Yaron da ke hidima ya fara miƙo min takardar giya, na ɗaga masa hannu, ya janye ba tare da ya canza fuska ba, ya dawo da gahawa da dabino. Na ci shinkafa da naman rago, naman yana rabuwa da ƙashi tun kafin cokali ya gama taɓa shi. Da na gama na laluba aljihu, ya ce babu biya. Ni dai a ganina abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne ɗakin kwana: gado na gaske da farin zanin gado, da banɗakinka kai kaɗai. Duk wanda ya taɓa kwana a kan kujerar ƙarfe ya tada kai da jakar dala, ga tafiyar awa takwas a gabansa, ga yawon rumfuna yana jiransa, ya san abin da nake nufi.

Sai dai barcin bai zo da wuri ba. Inna na tuna. Ita ce ta sayar da gonar gadonta ta ba ni jarin farko bayan an karɓe makullin, ta ce kar in sake in gaya wa kowa a gidan. Ba ta ga ko shagona na biyu ba, Allah ya jiƙanta. Makahon da aka hana zuwa bakin rijiya, ita ta kama masa sanda.

Na kira Uwargida ta bidiyo na zagaya da ita. Ta ce, "Alhaji, don Allah kar ka tura wa kowa, ka san mutanen gidanku." Na ce to. Muna gamawa na tura wa Yaya Babba hoton ruwan nan da na gadon, kuma har gobe ban ga laifina ba. Ya amsa da "Allah ya sanya alheri." Ban dawo daga Chana ba sai da labari ya zaga dangi cewa na zama almubazzari, ina kwana a otal ɗin filin jirgi da kuɗin mutane. Kuɗin wa? Da Baffa ya kwanta ciwo daga baya aka ce sai Alƙahira, ai ba a kira almubazzarin da wannan sunan ba. Ni na biya jirgi, ni na biya asibiti, ni na tura keken guragunsa har ƙofar jirgi a filin Malam Aminu Kano. A hanya ya riƙe hannuna ya yi ta sa min albarka, amma maganar rijiya bai taɓa tada ta ba, ni ma ban tuna masa ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma kan makullin, da lissafin gadon mahaifinmu da aka ce wai ya narke a cikin shagon.